Malamin Laburare a Makarantunmu: Gurbi, Horo da Masu Tsaya Masa

Tun daga 1977, lokacin da Najeriya ta fitar da Manufar Ilimi ta Ƙasa a karon farko, laburare yake cikin abubuwan da hukuma ta amince cewa makaranta ba ta cika sai da su. An sake duba manufar a 1981 da 1998 da 2004 da 2013, kuma wannan magana tana nan daram. Bugun 2004 ma ya ɗora wa masu makarantu, gwamnati ce ko 'yan kasuwa, nauyin samar da laburare mai aiki tare da horar da waɗanda za su kula da shi. Duk da haka, wanda ya san makarantun gwamnati na firamare da sakandare, a Arewa ko a Kudu, ya san abin da ake tararwa a mafi yawansu. Ko dai babu ɗakin sam, ko akwai shi amma ya koma ma'ajiyar karyayyun kujeru da tsofaffin takardun jarrabawa, ko kuma yana nan da littattafansa a kulle, makullin yana aljihun wani malamin Turanci ko na Hausa wanda aka ɗora wa aikin a kan darussan da yake koyarwa. Ana yawan jingina wannan hali ga rashin kuɗi ko mutuwar al'adar karatu, kuma dukansu suna da hannu a ciki, amma tushen matsalar yana wani wuri dabam. A tsarin ɗaukar ma'aikata na yawancin jihohi, malamin laburare na makaranta ba shi da gurbi na kansa, don haka duk horon da za a ba shi da duk fafutukar da za a yi dominsa, muddin ba su kai ga samar da wannan gurbi ba, amfaninsu na ɗan lokaci ne.

Laburaren makaranta abu uku ne a haɗe: ɗaki, da kayan karatu, da mutum. Biyun farko suna da farin jini wurin mahukunta, saboda kwangila ce, ana yin su sau ɗaya, ana yanke ƙyalle, ana ɗaukar hoto, kuma kuɗinsu yana fitowa daga kason manyan ayyuka. Na ukun albashi ne na wata-wata, da ƙarin girma, da fansho, wato nauyin da gwamnati za ta ɗauka har shekara talatin da biyar a kan mutum ɗaya. Shi ya sa za ka ga ɗan majalisa ya gina laburare a mazaɓarsa, ko ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta kawo kwalaye cike da littattafai, amma da wuya ka ji wanda ya tambayi wa zai buɗe ɗakin da ƙarfe takwas na safe. Abin ya yi kama da a gina masallaci a shimfiɗa darduma, a bar shi babu limami.

Ya kamata a fayyace aikin wannan mutum, domin rashin saninsa ne ya sa ake ganin kowa ma zai iya. Ɓangaren da aka fi gani shi ne na tsare kaya: zaɓen littattafan da suka dace da shekarun yara da manhajar karatu, rubuta su a rajista, jera su bisa tsari irin na Dewey wanda aka fara wallafa shi a 1876, bayar da aro da karɓo shi, gyaran waɗanda suka yage, da kare su daga gara da ƙura da yoyon rufi. Wannan kashi ne kaɗan na aikin. Babban ɓangaren koyarwa ne. Malamin laburare shi ne yake zama da malamin kimiyya ko na tarihi su tsara yadda ɗalibai za su binciko wani batu da kansu, shi ne yake koya wa yaro yadda ake neman bayani a littafi da intanet, da yadda ake bambance labarin da ke da tushe da wanda aka ƙirƙira, da yadda ake ambaton inda aka samo magana maimakon a kwafe ta a ce tasa ce. Shi ne kuma yake gane cewa wannan yarinya ta 'yan aji huɗu ba ƙin karatu take yi ba, littafin da aka miƙa mata ne ya fi ƙarfinta, ya nemo mata wanda zai ja ta. Sanarwar da Ƙungiyar Laburarori ta Duniya, IFLA, ta fitar tare da UNESCO a 1999 ta kira shi ƙwararren ma'aikaci mai alhakin tsarawa da tafiyar da laburaren makaranta, kuma ƙa'idojin da IFLA ta sabunta a 2015 sun nemi ya kasance yana da ilimin koyarwa daidai da na malamin aji, sannan ya ɗora ilimin laburare a kai.

Najeriya ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Makarantar koyon aikin laburare ta Ibadan ta fara karɓar ɗalibai a 1960 da tallafin gidauniyar Carnegie ta Amurka. A Arewa kuwa, gwamnatin jihar ta wancan lokaci ta gayyato F. A. Sharr, shugaban laburaren Yammacin Ostiraliya, ya nazarci buƙatun yankin, ya miƙa rahotonsa a 1963, kuma daga cikin abin da ya biyo baya akwai kafa sashen koyar da ilimin laburare a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1968, wanda shi ne ya fara bayar da digirin farko a fannin a ƙasar. Kano da Maiduguri suka biyo baya a ƙarshen shekarun 1970. A ɓangaren makarantun yara, Farfesa Felicia Adetowun Ogunsheye, mace ta farko da ta kai matsayin farfesa a Najeriya, ta jagoranci kafa cibiyar Abadina a Jami'ar Ibadan a 1974, inda aka mayar da laburaren yara wurin gwaji da bincike da horar da malamai. Daga wannan yunƙuri ne Ƙungiyar Laburarorin Makarantu ta Najeriya ta samu a 1977, shekara goma sha biyar bayan kafa uwar ƙungiyar ma'aikatan laburare ta ƙasa a 1962. Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya kuma ta fitar da mafi ƙarancin mizanin da laburaren makaranta zai cika a 1992. Wato ba a rasa masana ba, ba a rasa ƙungiya ba, ba a kuma rasa takardu ba.

Abin lura shi ne sassan koyar da laburare na Zariya da Ibadan suna ƙarƙashin tsangayar ilimi ne, amma waɗanda suke yayewa ba makarantun firamare da sakandare suke nufa ba. Suna neman aiki ne a jami'o'i da kwalejoji da ma'aikatu da cibiyoyin bincike, kuma ba za a zarge su ba, domin can ne ake tallata gurbin, can ne ake da matakan ƙarin girma da aka sani, can ne kuma ake da kuɗin ƙaro ilimi. A nan akwai wani sauyin doka da ba a cika ambatonsa ba idan ana wannan magana. Asusun Harajin Ilimi da aka kafa a 1993, wanda yake karɓar kaso daga ribar kamfanoni, yana tallafa wa dukan matakan ilimi ne a farko. A 2011 aka sauya dokarsa ya koma TETFund, aka taƙaita shi ga manyan makarantu. Laburarorin jami'o'i sun ci gaba da samun kasonsu na shekara-shekara da damar tura ma'aikata karatu da taruka, na ƙananan makarantu kuwa aka bar su da Hukumar Ilimin Bai-ɗaya da gwamnatocin jihohi.

Sai kuma batun rajista, wanda ya sa malamin laburare ya faɗa tsakanin hukumomi biyu. Dokar soja mai lamba 31 ta 1993 ta kafa hukumar yi wa malamai rajista, TRCN, wadda take buƙatar shaidar koyarwa, aƙalla NCE, ko difilomar ilimi ga mai digirin da ba na koyarwa ba. Dokar soja mai lamba 12 ta 1995 kuma ta kafa hukumar yi wa ma'aikatan laburare rajista, LRCN, wadda take buƙatar digiri a ilimin laburare. Malamin da aka miƙa wa makulli yana da rajistar farko, ba shi da ta biyu, don haka a idon ƙwararru ba ɗan sana'a ba ne. Mai digirin laburare yana da ta biyu, sau da yawa ba shi da ta farko, don haka idan aka ɗauke shi a makaranta sai a lissafa shi cikin ma'aikatan da ba sa koyarwa, tare da akawu da mai kula da sito, ba a kiransa taron malamai, ba shi da sa'a a jadawalin darussa. Idan kuwa aka ɗauke shi a matsayin malami, to ranar da aka rasa mai koyar da Turanci ko ilimin zaman jama'a, shi za a fara turawa aji, ɗakin ya koma rufe. Shi kuma malamin da ya ba da zuciyarsa ga laburare yakan gane cewa lokacin ƙarin girma babu mai tambayarsa yara nawa suka ari littafi. Kundin tsara darasi da sakamakon jarrabawa ake dubawa. Duk mai hankali zai karkata inda ake auna shi.

Wasu ƙasashe sun bi ta wannan mashigi, kuma abin da ya same su yana nuna inda maganar take ɗaurewa. Japan ta yi dokar laburaren makaranta tun 1953, wadda ta wajabta wa kowace makaranta samun malamin laburare, amma aka saƙala wani sharaɗi a ƙarshenta cewa za a iya jinkirta naɗa shi na ɗan wani lokaci. Wannan ɗan lokaci ya kai shekara arba'in da huɗu. Sai a 1997 aka gyara dokar, aka wajabta naɗin daga 2003 ga makarantun da suke da aji goma sha biyu zuwa sama. Ko bayan haka, da yawa daga waɗanda aka naɗa ba a rage musu darussan aji ba, lamarin da ya sa aka sake gyara dokar a 2014 don amincewa da wani ma'aikacin laburare na daban. Ƙasa ce mai arziki da son karatu, amma jimla ɗaya a cikin doka ta riƙe ta kusan rabin ƙarni.

Faransa ta warware nata ta hanyar jarrabawar ɗaukar aiki: a 1989 ta buɗe wa masu kula da cibiyoyin karatu na makarantun sakandare irin jarrabawar da ake ɗaukar sauran malamai da ita, don haka mutum yana shiga aikin ne a matsayin cikakken malami wanda ajinsa shi ne laburare. Fotugal ta kafa shirin haɗa laburarorin makarantu na ƙasa a 1996, ta kwashe shekaru tana gyara ɗakuna da zuba littattafai, sannan a 2009 ta ƙirƙiri muƙamin malamin laburare a hukumance, da sharuɗɗan cancanta da rage masa nauyin aji, da jami'ai masu zagayawa tsakanin gundumomi suna bibiyar aikin. A ɗaya gefen kuma akwai Brazil, wadda dokarta ta 2010 ta ba da wa'adin shekara goma kowace makaranta ta mallaki laburare, wa'adin ya cika a 2020 ba a cimma burin ba. A Afirka ta Kudu, ƙungiyar Equal Education ta ɗalibai da iyaye, wadda ta faro daga unguwar Khayelitsha, ta fitar da dubban mutane kan tituna a 2010 da kiran kowace makaranta ta samu laburare da ma'aikacinsa, kuma matsin lambarta ya taimaka aka fitar da ƙa'idojin gine-ginen makarantu a 2013 waɗanda suka haɗa da laburare. Nasara ce babba, sai dai ƙa'idojin gini ne, gini suka yi magana a kai. Batun ma'aikaci bai samu irin wannan ƙarfin doka ba. A ganina darasin a fili yake: inda aka rubuta muƙamin cikin tsarin aiki, abin ya zauna, inda aka tsaya ga ɗaki ko ga kyakkyawar niyya, an ci gaba da jira.

Wannan ba ya nufin a dakatar da horo har sai gurbi ya samu. Malaman da suke riƙe da makullai a yau su ne ake da su, kuma horon da ya dace zai iya sauya abin da yara suke samu a cikin zango ɗaya. Tambayar ita ce wane irin horo. Abin da aka saba shi ne bita ta kwana biyu ko uku a babban birnin jiha, a tara mutane a zaure, masana su gabatar da maƙaloli, a raba jaka da takardar shaida da alawus, kowa ya koma. Sau da yawa ma wanda aka turo ba shi ne mai kula da laburaren ba, wanda yake kusa da shugaban makaranta ne, saboda alawus ɗin. Wanda ya halarta kuma ana iya yi masa canjin wurin aiki bayan wata uku, ilimin ya tafi da shi, sabon da aka miƙa wa makulli ya fara daga farko. Irin wannan bita tana cika rahoton ƙarshen shekara, amma ba ta buɗe ɗaki.

Horon da yake kama jiki yana da wasu siffofi da ba su da tsada sosai. Ana yin sa ne a cikin laburaren makaranta na gaske, da littattafan da ke ciki, har mahalarta su tashi sun jera kanta sun buɗe rajistar aro da hannunsu. Yana da bibiya, wato wani ƙwararre daga hukumar laburare ta jiha ko daga jami'a mafi kusa ya riƙa leƙowa, ko a haɗa malaman makarantu biyar ko goma na yanki ɗaya su riƙa haɗuwa sau ɗaya a wata, a tsakani kuma suna tuntuɓar juna ta WhatsApp. Yana kuma kaiwa ga shaidar da hukumar kula da malamai ta jiha za ta lissafa wajen ƙarin girma. Mafi muhimmanci, ya kamata ya zama gada mai hanya biyu: malamin aji ya samu difiloma a ilimin laburare ta karatun hutu ko na nesa, mai digirin laburare kuma ya samu difilomar koyarwa, irin wadda Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna da jami'o'i da dama suke bayarwa. Hukumomin rajistar nan biyu za su iya zama su amince da hanya guda ta tantance malamin laburare, kuma wannan ba ya buƙatar ginin ko da bulo ɗaya.

Abin da za a koyar ma yana buƙatar dubawa. Manhajar jami'o'i ta fi karkata ga manyan laburarori, da tsarin katalogi mai zurfi da rumbunan mujallun bincike, alhali mai aiki da yaran firamare ya fi buƙatar sanin adabin yara, da yadda ake karanta labari a bayyane har aji ya yi tsit, da matakan da yaro yake bi kafin ya iya karatu da kansa. A ƙasar Hausa akwai ƙarin nauyi, domin yaro yana zuwa makaranta da Hausa, sau da yawa kuma ya riga ya saba da baƙaƙen Larabci daga makarantar allo ko Islamiyya, sai ya tarar da kanta cike da littattafan Turanci da aka kawo gudummawa daga ƙasashen waje, masu magana a kan dusar ƙanƙara da dabbobin da bai taɓa ji ba. Malamin laburaren da aka horar da kyau ya san cewa ba kowace gudummawa ake jerawa ba, ya san inda zai nemo littattafan Hausa na yara, ya kuma san yadda zai sa ɗalibai da malamai su rubuta nasu tatsuniyoyi da labaran garinsu a ɗinke su a ajiye. Shirye-shiryen koyar da karatu da Hausa a ƙananan azuzuwa, irin wanda aka gudanar a Bauchi da Sakkwato da tallafin Amurka, sun samar da littattafai masu yawa, kuma tsawon rayuwar irin waɗannan littattafai bayan shiri ya ƙare ya dogara ne ga samun mai alhakin adana su da juya su a hannun yara. Ga kuma na'ura: tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, kuma a makarantu da dama laburare ne wuri mafi dacewa da ɗalibi zai fara taɓa ta. Manhajar Koha, wadda aka ƙirƙira a New Zealand kuma ake samunta kyauta, tana iya riƙe rajistar littattafai da aro, amma inda babu wuta, babban littafin rajista da biro sun wadatar, kuma horon da ya raina su ya yi nesa da halin da ake ciki.

A ɓangaren fafutuka, rauni na farko shi ne ma'aikatan laburare sun fi yi wa junansu magana. Ana taron shekara-shekara, ana fitar da sanarwar bayan taro mai kira ga gwamnati, ana bikin watan laburaren makaranta a Oktoba kamar yadda ƙungiyar masu aikin laburaren makaranta ta duniya, IASL, wadda aka kafa a Jamaika a 1971, ta tsara. Duk wannan yana da kyau, amma kwamishinan ilimi yana jin sa ne a matsayin 'yan sana'a suna nema wa kansu aiki. Abin da ya faru a birnin Spokane na jihar Washington a Amurka ya nuna bambancin da ke akwai idan maganar ta fito daga wani baki. A 2007 hukumar makarantun birnin ta yanke shawarar rage lokacin aikin ma'aikatan laburare a makarantun firamare, sai wasu iyaye mata uku suka tashi, suka tara sa hannun jama'a, suka riƙa zirga-zirga zuwa majalisar jihar, har a 2008 majalisar ta ware kimanin dala miliyan huɗu ga laburarorin makarantu. Ba su da albashin da suke karewa, 'ya'yansu suke magana a kai, kuma su masu jefa ƙuri'a ne. A wajenmu masu irin wannan murya su ne kwamitocin kula da makarantu na al'umma, da ƙungiyoyin iyaye da malamai, da tsofaffin ɗalibai, da hakimai da dagatai da malaman addini waɗanda ake jin maganarsu a fadar gwamnati. Ƙungiyar malamai ta NUT da ta shugabannin makarantun sakandare su ma dole a jawo su, domin shugaban makaranta shi ne yake tsara jadawali, kuma idan bai gamsu ba, takardar umarni daga ma'aikata a aljihun tebur za ta kwana.

Rauni na biyu shi ne hujja. A Amurka, binciken da Keith Curry Lance ya jagoranta a jihar Colorado a 1993, wanda aka maimaita irinsa a jihohi da dama, ya nuna cewa makarantun da suke da ƙwararren ma'aikacin laburare da isassun kayan karatu sukan fi samun sakamako mai kyau a jarrabawar karatu, ko bayan an yi la'akari da talaucin unguwa. Masu fafutuka sun yi amfani da wannan sosai, kuma yana cikin abin da ya sa dokar ilimi ta tarayya da Shugaba Obama ya sa wa hannu a 2015 ta ambaci ma'aikatan laburaren makaranta, ta kuma ba da damar kashe kuɗin horar da malamai a kansu. Sai dai a yi hattara da abu biyu. Irin wannan bincike yana nuna tafiya tare ne, ba ya tabbatar da cewa wannan ne kaɗai ya haifar da wancan. Sannan hujja ba ta hana yankan kasafi: a cikin shekaru goma da suka biyo bayan durƙushewar tattalin arziki ta 2008, Amurka ta rasa kusan kashi ɗaya cikin biyar na guraben ma'aikatan laburaren makarantunta. Ɗauko alƙaluman Colorado a kai gaban shugaban hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha ba zai yi tasirin rajistar aro ta wata makaranta da ke ƙaramar hukumarsa ba, wadda take nuna yara nawa suka shiga, littafi nawa suka ɗauka, da yadda karatun 'yan aji uku ya kasance a farkon shekara da ƙarshenta. Tattara irin wannan bayani aiki ne da ya kamata a sa cikin horo tun farko, kuma ɗaliban digiri na biyu a Zariya da Kano da Maiduguri, waɗanda suka sha rubuta kundaye masu tabbatar da cewa laburarorin makarantu sun lalace, za su fi amfanar da fannin idan suka koma auna abin da ke faruwa a inda aka gyara.

Rauni na uku shi ne rashin sanin ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Ilimi yana cikin abubuwan da tarayya da jihohi suke da hurumi a kai tare, kuma malaman firamare da sakandare, in ban da na kwalejojin haɗin kai na tarayya, ma'aikatan jihohi da ƙananan hukumomi ne. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware aƙalla kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga wannan mataki, tare da sharaɗin jiha ta kawo nata kason kafin ta karɓi tallafin gine-gine, kuma a ciki akwai rabon kayan koyarwa da na horar da malamai. Wannan kuɗi zai iya sayen littafi ya kuma biya horo, amma ba ya biyan albashi. Saboda haka buƙatar gurbi ta ofishin shugaban ma'aikatan jiha ce, da hukumar ɗaukar malamai, da kwamitin ilimi na majalisar dokokin jiha lokacin kare kasafi. Buƙatar sa'ar laburare a jadawali da sanya shi cikin takardar da masu duba makarantu suke cikewa ta ma'aikatar ilimi ce. Buƙatar sanya malaman laburare cikin jerin waɗanda za a horar ta hukumar ilimin bai-ɗaya ce, lokacin da take tsara shirinta na shekara. Kowace buƙata da mai ita da lokacinta, kuma kiran da aka yi wa gwamnati a dunƙule babu wanda yake jin shi ya shafa.

Akwai ƙorafin da ya cancanci amsa. Wani zai ce a makarantar da yara ɗari suke zaune a ƙasa gaban malami ɗaya, inda babu mai koyar da lissafi, neman malamin laburare almubazzaranci ne. Maganar tana da nauyi, kuma wanda ya nemi a ɗauki ƙwararre ɗaya ga kowace makarantar firamare a shekara guda bai san kasafin jiha ba. Amma cunkoson da kansa hujja ce ta ɗaya ɓangaren, domin inda malami ba zai iya bin kowane yaro ba, kuma gida babu littafi in ban da na addini da na makaranta, yaron da ya iya karatu da kansa ya kuma samu abin karantawa shi ne yake tsira. Abin da hankali zai ɗauka shi ne a bi mataki-mataki. Manyan makarantun sakandare, musamman na kwana, su samu cikakken ma'aikaci mai shaidar fannonin biyu. Makarantun firamare a haɗa su rukuni-rukuni, ƙwararre ɗaya yana zagayawa da akwatunan littattafai da ake musanyawa, a kowace makaranta kuma a naɗa malami guda a rubuce, a rage masa darussa da adadin da aka ƙayyade, a hana yi masa canjin wuri har shekara biyu ko uku bayan horo sai an samu wanda zai gaje shi. Hukumomin laburare na jihohi, waɗanda suke da ma'aikata masu rajista da rassa a wasu ƙananan hukumomi, su ne suka fi dacewa da riƙe wannan zagaye, idan aka rubuta shi cikin aikinsu aka kuma ba su kuɗin mai da abin hawa.